Kwandon jego na saye: abin da kaka za ta ɗauka da wanda za ta ture gefe

Ranar da aka ce 'yarta ta sauka lafiya, kaka ba ta zama. Ta yi hamdala, ta leƙa fuskar jariri ta ce angonta ya iso, in mace ce kuma ta ce ga kishiya an kawo mata, sai kuma lissafi ya fara: gero, kayan yaji, itacen wanka, zanen goyo. In haihuwar fari ce kuma an zo wankan gida, ɗawainiyar kwana 40 ɗin nan duk a wuyanta take. Wannan giɓin ne masu haɗa kwandon jego suka hango. A Kano da Kaduna da Zariya sun yi yawa yanzu, galibi mata ne masu talla a WhatsApp da Instagram, ki tura kuɗi a kawo miki har gida.

Kwandon galibi yana zuwa da garin kunun kanwa, yajin daddawa, busasshen ganyen wanka, bagaruwa, sabulun salo, man kaɗanya, turaren wuta, zanen goyo da majanyi, da 'yan kayan jariri. Wasu kan ƙara dabino da zuma da 'yar gorar zamzam, don sun san abin da ke taɓa zuciyar tsohuwa.

Yajin shi ne ya fi cin kuɗinsa. In mai haɗin ta iya, daddawa da citta da masoro da kimba da kanumfari duk suna fitowa, ba barkono zalla ba. Ki shafa kaɗan a tafin hannu. In ya bar ja kamar lalle, an zuba kala. In gishiri da dunƙulen ɗanɗano suka riga komai isa harshe, an cika gwangwani ne kawai.

Garin kunu kuwa sai an lura. Gero yana da maiƙo, shi ya sa garinsa ba ya jure ajiya, balle in an wanke shi bai bushe sarai ba aka kai inji aka ƙulle a leda. Damƙi kaɗan ki saki. In ya dunƙule bai warware ba, da danshi, cikin 'yan kwanaki zai yi hunhuna ko ɗaci. A juye shi a tire ya sha iska, a zuba a roba mai murfi. Kilo 2 ba ya wuce sati biyu ko da mai jego kaɗai ke sha, gidan jego kuwa kowa ya shigo barka sai ya kurɓa. Gara a saya kashi-kashi.

Babban aibin garin shi ne an riga an zuba kanwa a ciki, ba kuma a rubuta yawanta ba. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa a yankin, suka kuma danganta shi da yawan shan kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Don haka ki ce a ba ki gari zalla, kanwar daban, ki jiƙa ɗan ƙanƙani ki tace. Mai jegon da ta yi hawan jini ko jijjiga lokacin ciki, kada a sa mata kanwa ko kaɗan, kunun tsamiya ko na gyaɗa ya wadatar. In ƙafa ta kumbura, ko numfashi na sarƙewa in ta kwanta, ba sanyi ba ne da za a ƙara wa ruwa wuta. Asibiti za a tafi ranar.

Ganyen wanka busasshe bai kai ɗanyen darbejiya ko runhu ƙamshi ba, amma yana yi wa wadda ke zaune a bene. A sirka ruwan har gwiwar hannu ta iya zama a ciki. Wadda aka yi wa tiyata ko ɗinki ta bi maganar ungozomar asibiti kafin ta shiga ruwan bagaruwa.

Abu uku a kayan jariri a fitar da su. Kafur da ake jefawa cikin tufafi don ƙamshi yana fasa jinin wasu jarirai ya jawo shawara mai tsanani. Zuma ba a ba yaro sai ya shekara. Kwallin dutse kuma sau da yawa yana ɗauke da dalma. Abin mamaki, abin da ya kamata a gani ba ya ciki: man cibiya na chlorhexidine, wanda ake shafawa sau ɗaya kullum a satin farko. A saya a kyamis, kada ya kusanci ido, a kuma daina gasa cibiya da tsumma.

Dabinon kuwa ya dace da sunnar tahniki, a tausasa ɗan mitsitsi a goga wa jariri a dasashi. Zamzam ɗin mai jego ta sha da niyyarta, kaka ta tofa addu'arta ta shafa wa jikanta a ka. Cikinsa nono kaɗai yake buƙata har wata 6.

Zanen goyo a duba bakinsa, in leda-leda ne yana zamewa, atamfa mai auduga ta fi riƙe yaro. A yi oda tun ciki na wata takwas, banda garin kunu, shi sai an haihu. Masu kawowa kan makara, kuma ranar suna ba ta matsawa daga kwana bakwai.