Madabod Mai Ɗaukar Katin Hoto Biyu: Wanne Ya Dace Da Aikinka?

Masu tace bidiyon biki da masu zanen gine-gine a Birnin Kebbi sun fara tunanin ƙara katin hoto (GPU, mai sarrafa hotuna da bidiyo a kwamfuta) na biyu idan ƙarfin ɗaya ya gaza. Mai shago zai nuna maka madabod, wato babban faifan da ake jona duk kayan kwamfuta a kai, mai dogayen ramuka biyu ko uku, ya ce kowanne na ɗaukar kati. Bai yi ƙarya ba, katin zai shiga. Sai dai tsawon rami daban, yawan layukan da aka jona masa daban, kuma kuɗinka a kan layukan yake.

Waɗannan ramuka su ake kira PCIe, kuma kowanne yana da layukan da bayanai ke bi zuwa furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta. Su ne ake rubutawa x16, x8, x4 ko x1. A PCIe 3.0 layi ɗaya na ɗaukar kusan gigabayit 1 a sakan, a 4.0 kusan 2, a 5.0 kusan 4. Ke nan x8 na 4.0 daidai yake da x16 na 3.0. Matsalar ita ce layukan furosesar gida ƙididdigaggu ne. Intel na ƙarni na 12 zuwa na 14 yana ba da 20: 16 na kati, 4 na SSD, ma'ajiyar bayanai mai sauri. Yawancin Ryzen 3000 da 5000 na kamfanin AMD na da 24, amma 4 daga ciki sun tafi wajen cifset, wato guntun da ke kan madabod mai haɗa sauran kaya da furosesa. Kamar injin ban ruwa ɗaya ne a fadamar Argungu: ko tiyo nawa ka jona masa, ruwan da yake ja daga rijiya bai ƙaru ba, rabawa kawai ka yi.

A madabod masu sauƙin kuɗi, irin B760 da yawancin B550, ramin sama ya kwashe duk 16 ɗin. Dogon ramin ƙasa ba daga furosesa yake ba, daga cifset yake, kuma galibi x4 ne, wani lokaci ma x1 aka sa wa doguwar riga. Cifset ɗin kansa layi 4 yake da su zuwa furosesa, a B550 ma na PCIe 3.0 ne, wato kusan gigabayit 4 a sakan. Ta wannan ƙofa USB ke bi, da SATA da ake jona diski da shi, da waya mai kawo intanet, da ƙarin SSD. Ranar da kake kwafe bidiyon ɗaurin aure daga diski na waje, katin ƙasa kuma yana aiki, kowa sai ya jira ɗan'uwansa. Ban ce ba ya amfani ba. Idan katin na biyu don ƙara allo ne kawai, ko don Blender, manhajar zanen 3D, inda ake loda aikin sau ɗaya cikin katin sannan ya yi ta lissafi shi kaɗai, x4 zai kai ka. Ga mai tace bidiyo, wanda hotuna ke shiga da fita ba tsayawa, ba zan ba da shawararsa ba.

Mataki na gaba shi ne madabod da ke raba 16 ɗin furosesa gida biyu. Da ka sa kati a rami na biyu, na farko ya sauka zuwa x8, na biyu ya samu x8. Ana samun haka a wasu Z690, Z790, X570 da X670E. Na ce wasu, domin sunan cifset ba ya isa shaida. Akwai Z790 da yawa da ramin ƙasansu daga cifset yake, kamar na masu araha. Mutane na jin an ce katinsu ya koma x8 sai gabansu ya faɗi. A PCIe 4.0 asarar ƙarama ce ƙwarai, kuma katuna irin RTX 4060 da ma x8 aka ƙera su. A ganina wannan ne zaɓin da ya fi dacewa ga wanda zai haɗa sabuwar kwamfuta da kati biyu. Tarko ɗaya ne a nan: a wasu Z790, idan ka sa SSD a gurbinsa na kan madabod, wato M.2, mai PCIe 5.0, daga kason katin ake yankar masa layuka. Littafin madabod ya faɗi haka, amma a ƙananan rubutu ƙasan shafi.

Sai tsoffin injinan ofis na tokunbo, irin HP Z440 da Dell Precision T5810, masu furosesa Xeon E5 v3 ko v4. Waɗannan suna da layi 40, don haka kati biyu kowanne zai samu cikakken x16, ko da yake na PCIe 3.0 ne. Kuɗinsu bai kai na sabon haɗi ba, ƙarfensu kuma mai ƙwari ne. Inda gizo ke saƙar shi ne akwatin wuta. Z440 akwai mai wat 525, akwai mai 700, kuma ba irin na kasuwa ba ne da za ka cire ka sa wani cikin sauƙi. Ka tambayi wat nawa ne da yawan wayoyin da ke ba kati wuta kafin ka biya. Furosesar ta tsufa, ba ta cikin jerin da Windows 11 ya amince da su, Microsoft kuma ya daina kula da Windows 10 a Oktoba 2025. Threadripper, babbar furosesar AMD, ya fi su duka layuka, amma wanda ke iya sayensa ba ya buƙatar shawarata.

Kafin duk wannan, ka tabbata manhajarka ta san da kati na biyu. Mai wasan gem ya manta da zancen. Nvidia ta daina fitar da sabon tallafin SLI, tsarinta na haɗa kati biyu su yi aiki tare, tun farkon 2021, RTX 3090 da 3090 Ti ne na ƙarshe a jerin GeForce da ke da NVLink, gadar da ke haɗa katunan, AMD ma ta yi watsi da nata tsarin, CrossFire. DaVinci Resolve, manhajar tace bidiyo, na kyauta kati ɗaya yake aiki da shi a Windows, sai ka sayi na kuɗi, wato Studio. Blender yana amfana sosai, haka masu gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira a gida, waɗanda ke raba aikin tsakanin ƙwaƙwalwar katunan biyu. Idan aikinka ba ya cikin waɗannan, haɗa kuɗin ka sayi kati ɗaya mai ƙarfi.

Mu a nan akwai lissafin da ba ya cikin littafin kamfani. RTX 3060 na cin wat 170, biyu 340 ke nan. RTX 3090 biyu sun kai 700, ban da sauran kwamfutar. Wanda ke aiki da inbata ko ƙaramin janareta ya zauna ya yi wannan lissafi tukuna. A watan Afrilu zafin Kebbi na haura digiri 40, kuma idan ramukan biyu suna kusa, fankar katin sama iskar bayan na ƙasa za ta riƙa shaƙa. Ƙurar hunturu ta zo ta toshe ragowar. Ka nemi madabod mai tazara tsakanin ramukan, da akwati mai fili.

Idan kayan na hannunka, haska cikin ramin da tocilar waya. Za ka ga ƙananan haƙoran ƙarfe a jere. A x16 na gaske sun kai har ƙarshe, a x8 sun tsaya wajen rabi, a x4 kuwa ba su kai rabi ba, sauran sai roba zalla. Idan daga Kano ko Legas za a yi maka webil, ka ce mai kayan ya turo cikakken sunan madabod ɗin, ka sauke littafinsa ka duba ko an rubuta x8/x8 da kuma inda ramin ƙasa ke samun layukansa. Bayan haɗawa, buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto, ka duba abin da ya rubuta game da ramin. Ka sa katin aiki kafin ka karanta, domin idan yana hutawa yakan rage gudu da kansa, ka ga ya rubuta PCIe 1.1 ka zaci an cuce ka.