Matar da ke koya wa yara mata jifan sofbol ranar Asabar, ga abin da na gani

Salam jama'a. Mutum uku ne suka tambayeni a WhatsApp akan kocin nan da na kai yarinyata wajenta, wai ko kudin da take karba ya dace, to bari in fada sau daya kowa yaji.

Yarinyata shekararta 14, a tim din makarantarsu su biyu ke neman zama mai jifa ta daya, ita da kawarta 'yar unguwar Mamobi a nan Accra da tun firamare tare suke hawa trotro, wato motar haya. Sofbol kuwa, wato wasan da ake jefa kwallo wani ya buge ta da sanda, wasan gaba daya a hannun mai jifa yake, in hannunta yaki to tim ta zauna. Tawa karfi gareta wlh, in ta saki kwallo daga bakin get zaka ji kararta a safar hannun mai cafewa, amma inda kwallon zata dosa sai Allah. Kawar tata jifanta sanyi sanyi amma kullum yana kan hanya. Malamin wasanni yace wadda tafi kafin karshen zango da ita zai rika fara wasa, tun daga ranar bamu huta ba, har bangon makwabta ya sha jifa, kun dai san unguwarmu Nima gida a jikin gida.

Ranar farko kocin ta dauko tef ta auna kafa 43 daga inda mai jifa ke tsayawa zuwa farar robar nan da mai bugu ke tsayawa gefenta, robar fadinta inci 17 ne kacal. Tace jefa goma in gani. Uku suka shiga, wato suka bi ta saman robar yadda ake so. Sai ta juyo tace min "Hajiya, 'yarki hannu lafiya lau, kafarta ce ke cin amanarta." Ashe in ta taka gaba kafar karkacewa take, kugu ya tare ma hannu hanya. Ta debo toka ta ja layi mikakke a kasa tace akan wannan za ki rika sauka, sannan sati biyu cur bata bari tayi cikakken jifa ba, gwiwa daya a kasa, wuyan hannu kawai ke aiki. Yarinya ta dawo gida baki a zumbure tana cewa "Mma kudinki kawai matar nan ke ci", ni ma gaskiya zuciyata ta fara raya min haka.

Sai daga baya na gane. Shi jifan sofbol ta kasa ake yinsa, hannu ya zagaya kamar fanka ya saki kwallo daidai gefen cinya, in kin saki da wuri ta ci kasa, in kin makara ta tashi sama, kuma jifa hudu a waje mai bugu ta wuce bes na farko (tashar farko cikin wadanda ake zagayawa a ci maki) kyauta ko sandar bata daga ba. To meye amfanin karfin? Ta nuna masu bidiyon Yukiko Ueno 'yar Japan a waya, wadda tana shekara 39 suka doke Amurka 2-0 a wasan karshe na Olamfik din Tokyo a 2021, tace kar ku kalli hannunta ku kalli inda kafarta ke sauka.

Inda bata burgeni ba, lokaci. Ace karfe bakwai sai takwas ta wuce rana ta fara cin mutum, kwallaye shida ga yara takwas rabin lokacin a tsintar kwallo yake tafiya, kudi kuma na wata take karba gaba daya ta momo, wato kudin waya, ranar da akai ruwa ta tafi kenan babu ramuwa. Kuma iyaye ku zauna nesa, sunan kwallon ne kawai taushi, don sofbol da Turanci kwallo mai taushi kenan, wannan rawayar ta sameni a kwauri kwana uku ina dingishi.

Abu daya ne yasa har yanzu nake biya. Ashe kawar ma wajenta take zuwa, da na gani sai na ja kocin gefe nace don Allah ta dan sa baki wajen malamin makaranta tunda sun saba. Tayi murmushi tace "Hajiya kiyi hakuri, ni jifa nake koyarwa." Kunya kamar kasa ta tsage in shige. Su biyun ma take hadawa, wannan ta jefa waccan ta cafe sannan su canza.

Yanzu cikin goma bakwai na shiga. Wasan da akai makon jiya dai kawar ce ta fara, tawa sai a zagaye na biyar cikin bakwai aka sata, ta fitar da masu bugu biyu a jere. Ta sha kukanta a trotro, muna sauka ta cinye wake da shinkafa na sidi 20 ko tayi bata min ba.

In akwai mai safar hannu ta bahaguwa, wadda ake sawa a dama, ko tsohuwa ce ya min magana, na zagaye kasuwar Kantamanto sau biyu duk ta masu jifa da dama nake samu.