Baƙin keken ɗinki na ƙafa: iya abin da zai yi wa mai ɗinkin sha'awa

Ɗinki sana'a ce da dubban teloli ke ci da iyali da ita, amma akwai masu yin sa a gida don sha'awa: ɗinka wa yara kaya, rage riga, kalmasa zane. Yawancinsu da baƙin keken nan na ƙafa suke farawa, irin su Butterfly da ake ƙerawa a Shanghai bisa tsarin Singer samfuri na 15, wanda ya samo asali tun ƙarshen ƙarni na 19. Na daɗe ina aiki da shi, kuma hukuncina shi ne: a miƙaƙƙen ɗinki ba ya jin kunyar keken kowane tela, amma a nan iyakarsa take.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ruwansa da wutar lantarki, kuma kusan komai nasa ƙarfe ne. Bobin (abin da ake naɗa zaren ƙasa a kai), gidan bobin, bel da allura duk ana samunsu a shagunan kayan teloli, kuma da wuya a rasa mai gyaransa a gari. A kan atamfa da shadda da yadin maza, ɗinkinsa yana fita sumul idan an saita tsawonsa wajen ɗinki 10 zuwa 12 a kowane inci.

Allura ce ta fi ba sababbin hannu wahala. Wannan keke yana cin allurar gida mai lamba HAx1, wadda gindinta ke da gefe ɗaya shafaffe. Keken teloli na wuta kuwa DBx1 yake ci, mai zagayayyen gindi. Da ido sun yi kama, shi ya sa a riƙa faɗa wa mai shago irin keken. Wajen kaurin allura kuwa, lamba 14 ta dace da atamfa, 16 ta dace da shadda mai kauri da wurin da yadi ya ninku, 18 sai jins. Wurin ɗaurawa, shafaffen gefen ya kalli dama, a tura allurar sama har ta tokare kafin a ɗaure, zare kuma ya shiga daga hagu, wato ta gefen da doguwar tsagar take. In aka juya ta, ƙugiyar da ke ƙasa ba za ta kamo zaren ba, sai keke ya dinga tsallake ko tsinka zare. Mafi yawan abin da ake kai wa mai gyara a ce keke ya lalace, juyayyiyar allura ce ko wadda bakinta ya dakushe.

Sai cukurkuɗewar zare a ƙasan yadi. Da an ɗaga yadi an ga zare ya yi tuli kamar sheƙar tsuntsu, hannu sai ya tafi wurin bobin, alhali laifin na zaren sama ne. Ko dai an zura shi ƙafar da ke danne yadi tana ƙasa, faifan nan biyu masu matse zare suna rufe bai shiga tsakaninsu ba, ko kuma matsin ya yi sako-sako. A ɗaga ƙafar, a sake zurawa daga farko, a gwada a ƙyalle mai ninki biyu. In ƙullin zaren sama da na ƙasa yana leƙowa ta ƙasa a ƙara matsi kaɗan, in ta sama yake leƙowa a sassauta. Ɗan sukurun gidan bobin kuwa a bar shi sai dole, kwatan juyi ma yana sauya komai. Kafin a fara kowane layi, a ja zaren sama da na ƙasa kamar santimita 10 zuwa baya, a riƙe su da yatsa har ɗinki uku na farko su zauna.

Taka fedal ma sai an koya. Wilin hannu wajenka yake juyowa. Ya koma baya ko sau ɗaya, zare ya tsinke. Gara a cire zare da allura a yi ta takawa har ƙafa ta saba tsayawa da tashi ba tare da wilin ya juya baya ba. Bel ɗin fata ne, yana saki da daɗewa. In ya fara santsi, a ɓalle ƙarfen da ya haɗa bakinsa, a yanke kamar santimita 1, a huda sabon rami a mayar. Kar a ɗaure shi tamau, nauyin takawa zai ƙaru.

Mai kuwa, farin man keken ɗinki kaɗai, ɗigo ɗaya a kowane rami da kuma inda ƙugiya ke kai-kawo. Ina roƙon masu zuba man gyaɗa ko baƙin mai su daina: yana daskarewa ya kama ƙura har keke ya cije, sai an wanke da kalanzir. Atamfa mai sitaci tana zubar da gari sosai, don haka a riƙa kwance farantin allura ana share tsakanin haƙoran da ke jan yadi.

Inda ya gaza kuwa a fili yake. Ba ya zigzag, ba ya ramin maɓalli, ba ya wibin ɗin bakin yadi, ba ya aikin wuya. Yadin roba mai talewa, irin na hijabi, yana ba shi wuya, domin miƙaƙƙen ɗinki ba ya talewa tare da yadin, da an ja sai ya ɓalle. Allura mai dunƙulallen baki tana rage tsallake, amma ba ta magance ɓallewar. Ga kuma sauri: keken wuta irin Juki DDL-8700 yana kaiwa ɗinki 5,500 a minti, abin da ƙafa ba za ta ko kusanta ba. Mai ɗinka riga biyu a wata ba zai damu ba. Mai son karɓar ɗinkin sallah na kuɗi kuwa, nan zai gane dalilin da ya sa teloli ke ajiye keke biyu ko uku a shago, kowanne da aikinsa.

Da an juya riga ciki-waje ake bambance ɗinkin gida da na tela, a bakin yadi. Mafita biyu ce. Ko a haɗa kayan a kai wa mai wibin ya bi bakin a biya shi, ko a yi ɗinki mai ɓoye baki: a haɗa yadin bayansa na kallon juna, a ɗinka a rabin santimita, a rage bakin da almakashi, a goge, a juya fuska na kallon fuska, a sake bi a santimita 1. Bakin zai shige ciki gaba ɗaya, ba zare ko ɗaya da zai zazzago a wanki. Yana cin ƙarin yadi da lokaci, kuma bai dace da yadi mai kauri ko lanƙwasar hammata ba, amma a gefen doguwar riga ta atamfa ko wandon yaro na fi son sa a kan wibin ɗin ma.