Zaɓen wurin zamiyar ƙanƙara ga mai ƙaramin yaro: makaranta kafin dutse

Duk wurin zamiyar dusar ƙanƙara da kuka buɗe tallarsa, abin da zai fara yi muku fankama da shi shi ne tsawon hanyoyinsa. Les Trois Vallées na Faransa, alal misali, kilomita 600 yake tinƙaho da ita. Madalla. Sai dai yaro ɗan shekara huɗu, a makonsa na farko, duniyarsa ba za ta wuce wani ɗan fili da aka kewaye da raga ba, mai darduma mai tafiya da ke haura shi sama ya zamo ƙasa, ya sake hawa. Filin nan, da malamin da ke tsaye a cikinsa, da tazarar da ke tsakaninsa da gadon da yaron ya kwana, su ne ainihin abin da za ku saya.

Tazarar zan fara ɗauka, domin ita ce aka fi rainawa. Ku ƙaddara ƙarfe tara saura kwata na safe. Yaro yana sanye da takalman zamiya masu tauri, yana tafiya kamar wanda aka ɗaure wa ƙafa da katako. Uba ya saɓa allunan zamiya nasa da na yaron a kafaɗa, sanduna suna zamewa ta hammata. Safar hannu ɗaya ta faɗi a baya, an koma an ɗauko. Ana isa bakin titi sai a ji, "Baba, fitsari," alhali an jibga masa kaya hawa uku. Mita 300 da otal ya rubuta a tallarsa sai ta cinye minti ashirin. In kuwa sai an jira bas, an cusa cikin jama'a, to kafin a ga malami yaron ya gama kuka, iyaye sun gama faɗa. Don haka kada ku tambayi otal nisansa da dutse. Ku tambaye shi nisansa da inda ajin yara ke taruwa, sannan ku duba taswira da idonku ko hawa ne ko gangara.

Ta wannan fuskar garuruwan da aka hana mota sun yi zarra. Avoriaz, a Faransa, yana bisa tsayin mita 1800, titunansa dusar ƙanƙara ce, keken doki ne ke ɗaukar kaya, kuma filin yaransa yana tsakiyar gari. Mutum yana fitowa daga masauki zai ɗaura allunansa. Gine-ginensa dogaye ne, ɗakunan haya da yawa cikinsu matsattsu, wanda ke neman ƙauye mai kyan hoto ba zai samu a nan ba. Serfaus na yankin Tirol a Ostiriya ya bi wata dabara: tun 1985 yake da ɗan jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke ratsa ƙauyen daga wurin ajiye motoci zuwa tashar hawa dutse. Shi da maƙwabtansa Fiss da Ladis sun gina sunansu kacokan a kan iyali, filayen yaransu manya ne ƙwarai, kuma kuɗinsu ma ya san da haka. Wengen na Suwizalan ta jirgin ƙasa ake shigarsa daga Lauterbrunnen, yana da gangaren 'yan koyo a cikin gari, ga kyan gani, ga tsadar Suwizalan.

Bansko na Bulgeriya kuwa sauƙin kuɗinsa ne ke jan mutane. Amma garin yana ƙasa, hanyoyin zamiya suna can sama, sai an hau motar igiya, wato ɗan akwatin fasinja da ke rataye a igiyar ƙarfe, kuma a lokacin cunkoso layin safe yana da tsawo. Ga babba wannan ba komai ba ne. Ga ɗan shekara huɗu da aka tsayar cikin sanyi, araha ba ta yi ado ba.

Sai makarantar kanta, inda ya kamata ku fi ɓata lokaci. A Faransa babbar makarantar ita ce ESF, wadda aka kafa a 1945, malamanta masu jajayen riguna ne, kusan ko'ina kuka je za ku same su. Tana karɓar yara daga shekara uku a ajin da ake kira Piou Piou, daga nan a yi ta hawa mataki: Ourson, Flocon, sannan tauraro na ɗaya, na biyu, na uku. Amfanin tsarin shi ne, lambar da yaro ya samu bana a wani dutse za a gane ta baɗi a wani. Yawanci darasin rabin yini ne, kwana biyar ko shida a jere, ana farawa Lahadi ko Litinin. A Ostiriya an fi yin awa biyu da safe, awa biyu da rana, kuma in kun biya ƙari za su riƙe yaron su ba shi abincin rana. Wannan shi ke ba iyaye damar su ma su taɓa zamiyarsu. Suwizalan tana da nata tsarin na bai ɗaya, da wani farin ɗan dabba mai dogayen kunnuwa, Snowli, da yara ke bi. A Amurka kuwa galibi yini guda ake saya har da abinci, rana-rana, ba dole sai mako ba. Akwai sassauci, amma aljihu zai ji a jikinsa.

Ni a ganina ɗan shekara uku wasa yake zuwa yi, kuma ba laifi ba ne. Zai saba da takalmi, ya hau darduma, ya sha koko, ya yi barci. Daga huɗu zuwa biyar ne ƙafa take ƙwari har ya iya haɗa bakin allunansa ya buɗe bayansu don ya tsaya, abin da malamai ke ce wa yara su yi "fiza", don siffarsa ta yi kama da yankan fiza mai kusurwa uku. Kada ku sayi cikakken yini ga wanda bai taɓa kwana biyu a makarantar raino ba tare da ya neme ku ba. Makarantu da dama ma ba sa karɓar yaron da bai daina sa famfas ba, sai dai ɗakin raino.

Kafin ku biya, ku rubuta musu. Yara nawa ne iyaka a aji ɗaya, a rubuce? Da wane harshe malamin zai yi magana, kuma sauran yaran fa? Yaron da ya tsinci kansa shi kaɗai cikin goma masu Faransanci zai yi shiru ya bi sahu, ba zai iya cewa yatsunsa sun ƙandare ba. Akwai ɗaki mai ɗumi da banɗaki a jikin filin? Wannan tambayar ta fi duk sauran tona asirin makaranta. Ƙananan makarantu masu zaman kansu sukan taƙaita aji ga yara kaɗan, su caji fiye da babbar, kuma sau da yawa kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. A Faransa akwai tambarin Famille Plus da ake ba garuruwan da suka cika sharuɗɗan karɓar iyali. Yana taimakawa wajen tace suna, amma bai ɗauke muku tambaya ba.

Tsayi ma takobi ne mai kaifi biyu. Duk mita 1000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5. Val Thorens na Faransa, mai mita 2300, dusarsa ba ta cika ba da kunya ba har watan Afrilu, amma babu bishiyar da za ta tare iska, kuma a Janairu sanyinsa ba na yara ba ne. Tafiyar mota daga filin jirgin Janiba zuwa can ta kusan ninka ta Avoriaz, ƙarshenta kuma kwana-kwana ne, mai juya cikin yaro. A jihar Kolorado ta Amurka, garin Breckenridge yana sama da mita 2900 tun daga cikin gari, inda ƙarancin iska ke kawo ciwon kai da rashin barci, ƙaramin yaro kuma bai san yadda zai faɗa ba, sai dai rigima. Duwatsun arewa, irin su Trysil a Norwe da Sälen a Suwidin, gajeru ne masu sauƙin gangara, malamansu suna jin Turanci sosai. Abin da za ku lura da shi a can shi ne gajartar rana da tsananin sanyi a Disamba da Janairu.

Lokaci: tsakiyar Fabrairu hutun makarantun Faransa da na Ingila suke haɗuwa, aji ya cika, kuɗi ya tashi. Mai yaron da bai shiga firamare ba, me zai kai shi? Maris ya fi, rana ta yi tsawo, sanyi ya sassauta, sai dai a zaɓi wuri mai ɗan tsayi don kada dusa ta zama taɓo da azahar. A shafa masa man kare rana, a sa masa tabarau, domin farar dusa tana mayar da hasken rana fuska.

Kaya kuwa haya za ku yi, ƙafar yaro ba ta jiran baɗi. Hular kwano dole ce ko doka ba ta ce ba. A Italiya doka ta ce, kuma tun Janairun 2022 ta wajabta wa duk mai zamiya inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wani. Wurare da yawa ba sa karɓar kuɗin tikitin hawa daga ƙananan yara, amma sai kun je da fasfo an ga shekarunsa an ba shi katin.

Da ni ne da ɗan shekara huɗu da aljihu mai ɗan nauyi, Serfaus zan nufa a makon biyu na Maris. In kuɗi sun yi ƙasa, ƙaramin ɗaki a Avoriaz kusa da filin yara, darasin safe kawai. Ko wanne kuka zaɓa, ku fara kama gurbin aji, sannan masauki, sannan tikitin jirgi, domin a makonnin cunkoso gurbin ƙananan yara yakan ƙare tun ana sauran watanni.