Katunan bita kan magungunan barci da na farfaɗiya

Wani masanin haɗa magunguna a Gombe ya tsara katunan bita a kan magungunan sa barci da na farfaɗiya, ana kuma sayar da su a wani shagon buga takardu da ke Tudun Wada. Na yi amfani da su a zangon karatun da ya wuce, kuma a ganina sun ci kuɗinsu, domin suna fahimtar da ɗalibi yadda magani ke aiki kafin su ɗora masa haddar sunaye.

Katin da ya haɗa diyazifam da finobabiton shi ya fi gamsar da ni. Dukansu suna ƙarfafa aikin GABA, sinadarin da ke lafar da ƙwaƙwalwa, amma diyazifam yana sa ƙofar kuloraid, wato 'yar kafar da ke jikin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa wadda buɗewarta ke lafar da su, ta riƙa buɗewa akai-akai, shi kuwa finobabiton yana tsawaita lokacin da take a buɗe, idan ya yi yawa ma yakan buɗe ta ko babu GABA. Duk wanda ya gane wannan ba zai yi mamaki ba idan aka ce finobabiton, wanda ake bai wa masu farfaɗiya tun 1912, yana iya tsayar da numfashi in an wuce ƙima. A katin finitoyin an zana dasashi ya kumbura har ya hau haƙora, aka kuma bayyana cewa akwai iyakar abin da hanta ke iya sarrafawa, saboda haka ɗan ƙari kaɗan yakan sa majiyyaci tangaɗi. Da jan tawada aka rubuta cewa kabamazifin yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, balfuret kuma yana iya jawo tawaya a lakar ɗan tayi.

Inda katunan suka gaza ya dame ni ƙwarai. Magniziyam salfet, maganin jijjigar masu juna biyu, layi biyu kawai ya samu, alhali wannan jijjiga tana cikin abin da ɗalibar ungozoma za ta tarar a ɗakin haihuwa. Ba a ambaci ƙirga numfashi, da auna fitsari, da gwada zaburar gwiwa kafin a maimaita allura ba, balle kalsiyam gulukonet da ake karya gubarsa da shi. Rubutun ma ƙanana ne, takardar kuma ba a rufe ta da leda ba, gumin hannu yana cin tawadar.

Ina ba ɗaliban jinya shawarar su saya, amma ɗalibar ungozoma ta nemi cikon bayanin magniziyam wajen malamanta, ta rubuta shi a bayan katin.