Hattara da masu tallar injin walda mai "amp 300" a Facebook

Jama'a, duk mai shirin sayen injin walda na farko, musamman ku matasan ƙauyukanmu na wajen Ringim da Taura, ku tsaya ku ji. Naira dubu 92 aka cinye mana. Dubu 85 kuɗin inji, dubu 7 kuɗin mota zuwa tasha. Kuɗin ɗan ƙanena ne, riɗinsa ya sayar, don ya riƙa haɗa bencina da kejin kaji da gyaran amalanke a ƙofar gida.

Kada wani ya ce min ba a bincika ba. An bincika. Bidiyo mai tallar ya turo, yana ƙona sandar walda geji 10 a kan ƙarfen angul, wuta na tafiya lafiya lau, ɓawon na tashi da kansa. Duk mai sana'a ya ga wannan ɗinkin zai ce injin kirki ne. Ya ce, "Wallahi Baba, in bai ƙona geji 10 ba ka dawo min da kayana." Baba fa ya ce, har da rantsuwa. Sai yanzu da ake ta maimaita bidiyon aka lura ko sau ɗaya bai nuna inda wayar holda, wato abin riƙe sanda, ta shiga ba. Injin na gaban kyamara ado ne, wani daban ke aikin a gefe.

Abin da ya iso kuwa ɗan ƙaramin injin walda ne da ake kira inbata, an rubuta 300 ɓaro-ɓaro a jikinsa, in ka murɗa maɓallin ma 300 ɗin yake nunawa. Geji 12, wato mai kaurin milimita 2.5, amp 60 zuwa 90 take so, wannan ya kama. Geji 10 mai milimita 3.2 tana son 90 zuwa 130, a nan asiri ya tonu. Sanda ta dinga mannewa, ƙarfe ba ya narkewa ciki, waldar ta hau sama kamar kashin kaji, guduma ɗaya ta ɓalle. Aka maƙala mitar auna amp a waya, an murɗe shi har ƙarshe, 95 ya ba da. A kan dubu 92!

Tun kafin gwajin ma, ranar da aka kira mai tallar kan maganar wayar walda, ko washegari ne, lambar ta daina shiga. Wayar kauri kamar babban yatsa, da aka fere ta kusan duk roba ce, 'yan silin da ke ciki kuma kana kankarewa sai su yi fari. Alminiyam ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, shi ya sa take zafi tun sanda ba ta kai rabi ba. Da aka kwance murfin, sai ga guntun ƙarfe an ɗaure da noti a gindin akwatin, ba ya haɗe da komai, nauyi kawai yake ƙarawa. Sanda biyu a jere, fitilar zafi ta kama, inji ya ɗauke.

Ga lissafin da ba ya ƙarya. Walda a amp 300 tana cin kusan wat 9,600, wato sama da amp 40 daga wutar gida mai bolt 220. Filogin da ke jikin wannan injin na amp 13 ne, irin na dutsen guga, iyakarsa wajen wat 3,000. Ta ina 300 za ta fito? Masu cewa ai da an duba filogin, a duk hotunan da ya turo an naɗe wayar an tura ta baya. Ni ma na san abin dubawa ne, shi ma ya sani, shi ya sa ya ɓoye. "In bai ƙona ba ka dawo min da kayana." A mayar ina, bayan ya toshe mu a WhatsApp ya sauya sunan shafin?

Hoton hirar, da rasit ɗin tiransifa na dubu 85 da na dubu 7, da bidiyon mitar, duk suna nan, zan ɗora su da daddare in sabis ya zauna. Allah ya isa.

Mai koyo ba ya buƙatar 300. Inbata mai 140 zuwa 160 na gaskiya ya isa angul da fayif. Ka shiga Kano da ƙafarka, ka tafi da mai walda da sandunanka geji 10, a ƙona uku a jere a gabanka, a fere bakin waya. In da janareta za ka yi aiki, ƙasa da kVA 5 wahala ce. Kada ka tura wa kowa ko sisi kafin inji ya shiga hannunka.