Ingila ko Jamus: amsa ga ƙanenmu na Gombe mai neman digiri na biyu

Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da gari ya waye domin ba ta layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba: ya karanta injiniyancin gine-gine a ATBU, wato Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, ya fita da daraja ta biyu babba, ya yi bautar ƙasa, yau shekara biyu yana aiki da wani kamfanin gina hanyoyi a Gombe. Yana da mata da 'ya ɗaya. Wani ejan ya samo masa gurbin mastas a Ingila, an ce ya kawo kafin alƙalami. Abokinsa kuma ya ce masa a Jamus kyauta ake karatu. Baba ya ce in dai karatu ne, a sayar da gonar hanyar Dukku. Shi ne yake tambaya: ina ya dosa?

Ni a arewacin Ingila na yi nawa, kuma tallafi na samu, ba aljihuna ba ne. Jamus kuwa ɗan yayana ne ya tafi, ni na yi masa ɗawainiyar takardu daga nan Bauchi har ya hau jirgi. Saboda haka ɗaya na ɗanɗana da bakina, ɗayar na tsaya a bakin murhu ana dafawa.

Mu fara da kuɗi, tunda su ne suka sa ake maganar gona.

Mastas a Ingila shekara ɗaya ce, ana shiga a Satumba, wasu jami'o'in suna ɗauka a Janairu. Kuɗin makaranta ga baƙo ya danganta da jami'a da kwas, amma mu ce naka fam 16,000 ne, wanda yana cikin masu sauƙi. Kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin zama na wata tara. Adadin da aka sa a farkon 2025 shi ne fam 1,136 a wata ga wanda zai zauna a wajen Landan, wato fam 10,224, na cikin Landan kuwa fam 1,483 a wata, kuma ƙari ake yi a kai a kai. Ita kanta bizar an mayar da kuɗinta fam 524 a Afrilun 2025. Sai harajin lafiya, fam 776 a shekara, kuma da yake bizar tana zarce shekara da 'yan watanni, na shekara ɗaya da rabi za ka biya. Tara su ka gani, ka doshi fam 28,000, ba tikitin jirgi, ba gwajin tarin fuka da za ka je Abuja ka yi. Mu ɗauki fam a naira 2,000 don sauƙin lissafi: miliyan 56 ke nan. Gonar nawa za ta yi?

A Jamus shekara biyu ce, zango huɗu. Gaskiyar abokinka rabi ce. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karantarwa ko daga baƙo, sai 'yan ɗaruruwan yuro na kowane zango, waɗanda a wurare da yawa har tikitin bas da jirgin ƙasa na ciki. Amma jihar Baden-Württemberg, inda Stuttgart da Karlsruhe suke, tana karɓar yuro 1,500 a zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017, kuma Jami'ar Fasaha ta Munich ta fara cajin baƙi dubban yuro daga ƙarshen 2024. Rabin da bai faɗa maka ba shi ne rufaffen asusu. Kafin biza sai ka zuba kuɗin zamanka na shekara guda a wani asusu da ake kullewa, yuro 11,904 tun Satumban 2024, in ka isa a riƙa sakar maka 992 kowane wata. A kan naira 1,700, kusan miliyan 20 ne. Kuɗinka ne, kai za ka cinye su, amma sai sun cika cif kafin ka motsa. In shekara ta zagayo za ka sabunta takardar zama, za a sake tambayarka da me za ka ci.

To miliyan 56 ga miliyan 20. A nan yawancin mutane suke rufe lissafi su ce Jamus. Ni ma can zan kai ka, amma ba ta wannan gajeriyar hanyar ba, domin abin da Jamus ta rage maka a kuɗi za ta karɓe shi a haƙuri.

Shiga jami'ar Ingila ba wuya in kana da 2:1, wato daraja ta biyu babba. Kasuwa ce, kai ne mai saye. Da yawansu suna karɓar C6 na Turancin WAEC a madadin jarrabawar Turanci ta IELTS, wasu cikin mako biyu sun turo maka da takardar tayi. Ejan ɗin da yake ta kiranka safe da yamma ba don Allah yake yi ba, jami'ar ce take ba shi la'ada a kan kowane ɗalibi. Ban ce mugu ba ne. Na ce ka san wanda yake biyansa. Duk abin da zai yi maka kana iya yi da wayarka.

Jamus ba ta neman kuɗinka, don haka ba ta lallashinka. Abin da suke dubawa shi ne ko digirinka na farko ya yi daidai da mastas ɗin, kwas bayan kwas, kiredit bayan kiredit. Ɗan yayana jami'a biyu ta mayar da shi, ba don sakamakonsa ya gaza ba, sai don kiredit ɗinsa na lissafi bai kai adadin da suka rubuta ba. Ba roƙo, ba wanda za ka gani. A Ingila injiniya na iya tsallakawa ya yi mastas a kula da ayyuka ko kasuwanci, a Jamus wannan tsallaken da wuya. Kai wannan bai dame ka ba tunda a layinka kake son ci gaba, kuma shekara biyar ɗin da ka yi a ATBU ta tara maka kiredit mai auki. Masu HND da ke karanta wannan su lura: wasu jami'o'in Ingila na karɓa, kai tsaye ko bayan kwas na share fage, a Jamus kuwa ƙofar a ƙuntace take ƙwarai.

Jami'o'in Jamus da yawa ta uni-assist ake nema, wato cibiyar da ke tantance musu takardun baƙi, yuro 75 na farko, 30 kowane ƙari. Zangon hunturu a Oktoba yake farawa. Za ka ji ana cewa 15 ga Yuli ake rufewa, kada ka dogara da wannan, kwasa-kwasan Turanci da yawa suna rufe wa baƙi ƙofa watanni kafin nan. Akwai ɗaruruwan mastas da ake koyarwa da Turanci zalla, suna jere a shafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai da tallafin karatu ta Jamus.

Sai biza, inda kowace ƙasa take da nata tarkon. Na Ingila kwana 28 ne: kuɗin nan sai sun kwana 28 a jere a asusunka ko na mahaifinka ba su ragu ko sau ɗaya ba. Wani abokina ya ranto nasa a wajen kawunsa, ɗan kasuwar hatsi. Ranar kwana na 23 motar masara ta iso, kawu ya ce a ba shi miliyan biyu zuwa jibi. Ya bayar, jibin aka dawo da su kamar yadda aka yi alkawari, amma lissafi ya koma kwana ɗaya. Ina zaune kusa da shi a benci yana ƙirga ranaku a bayan rasit da biro, yana kaiwa ƙarshe yana sake farawa, ko za su canza. Satumba ta wuce shi, sai Janairu ya tafi. In ka kiyaye wannan, bizar Ingila cikin kamar mako uku take fitowa. Tarkon Jamus layi ne. Kuɗin bizar yuro 75 kacal, amma samun ranar ganawa na iya cin watanni. Ɗan yayana da gurbi a hannu zango ya fara ba shi, sai da ya roƙi jami'a ta ɗaga masa zuwa na gaba. Wata shida yana zaune a Bauchi, duk wanda ya gamu da shi a masallaci sai ya ce, af, ba ka tafi ba?

Abu ɗaya da ƙasashen biyu suka haɗu a kai shi ne tiranskirif, wato takardar jerin kwasa-kwasanka da makinsu, kuma yau ya kamata ka fara nema, ba sai ka yanke shawara ba. Nawa wata huɗu ya yi a wani ofishi da ba zan ambata ba. Na je sau shida. A na ƙarshe na tarar da fayil ɗina a ƙarƙashin kofin shayi, zoben kofin ya fito a bangon. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu maganar da ba ka yi ba, amma na san tana ranka: Maman yarinya. Tun Janairun 2024 Ingila ta hana ɗaliban mastas na aji tafiya da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu a kwas da ya wuce wata shida. Duk wanda ya ce maka matarka za ta biyo ka ta yi aiki ku biya makaranta, labarin 2022 yake ba ka. A Jamus doka ba ta hana ba, amma sai ka nuna kuɗin riƙe mutum uku da gida mai wadatar ɗaki, abin da ɗalibi mai 992 a wata ba zai iya ba. Ka ɗauka kai kaɗai za ka tafi ko'ina ne. Bambancin shi ne shekara ɗaya da shekara biyu, kuma biyun Jamus kan zama biyu da rabi, domin mai aiki yana karatu ba kasafai yake gamawa a zango huɗu ba. Wannan ba ni zan auna maka ba. Ku zauna da ita, ba da Baba kaɗai ba.

Aiki: Ingila awa 20 a mako lokacin karatu, Jamus cikakkun kwanaki 140 ko rabi 280 a shekara tun Maris na 2024. A duka biyun aikin ɗalibi yana biyan haya da cefane. A Ingila ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma nan ne mutanenmu suka faɗa rami. An saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Waɗanda suka tafi da rabin kuɗi da niyyar a turo sauran daga gida suka wayi gari bashinsu ya ninka uku, har aka cire wasu daga rajista aka ce su bar ƙasar. Ɗalibin Jamus da naira ta faɗi ya sha wuya, amma ba jami'ar da take binsa bashi. A wajena wannan ya fi bambancin miliyan 36 ɗin nauyi.

Bayan gamawa, Ingila tana ba da shekara biyu ta neman aiki tun 2021, amma an sanar za a rage ta zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Jamus wata 18 take bayarwa. Sai dai injiniyan gine-gine a Jamus da Jamusanci yake aiki: magina, ma'aikatan hukuma, dokokin gini, duk da harshensu. Karatu da Turanci, cin abinci da Jamusanci. In ba za ka zauna ka koye shi ba, tun daga Gombe, kada ka je da niyyar zama aiki.

Zaman yau da kullum ba zan ja shi ba. Ingila ta fi sauƙi ga Bahaushe: harshe ka iya, masallatai da naman halal ko'ina a Bradford da Birmingham da Manchester. A Jamus masallatan Turkawa da shagunansu za su riƙe ka, huɗuba dai ba za ka ji ba. Sanyi da duhun ƙarfe huɗu na yamma a Disamba duk ɗaya ne.

Ga inda na tsaya. Da kuɗin gona, kada ka je Ingila. Ka ce wa ejan ya dakata, tayin jami'a ana iya ɗaga shi zuwa baɗi. Ingila ta tallafi ce, kuma shekara biyun da ka yi kana aiki ita ce jarinka: tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya na neman awa 2,800 na aiki, ana buɗewa a Agusta, tana biyan makaranta da zama da jirgi, da sharaɗin ka dawo gida shekara biyu. Akwai tallafin Commonwealth. Akwai PTDF, hukumar asusun bunƙasa fasahar man fetur ta Najeriya, wadda take turawa ƙasashen biyu duka a fannonin da suka shafi mai da makamashi. A ɓangaren Jamus, DAAD tana da shirin EPOS na ma'aikatan ƙasashe masu tasowa, shi ma shekara biyu na aiki yake nema, kuma digirin kada ya wuce shekara shida da gamawa. Akwai kwasa-kwasan ruwa da tsara ababen more rayuwa a ciki, layinka sak. Ka nemi waɗannan duka a bana, kana kan aikinka, kana karɓar albashinka.

In zagaye ɗaya ya wuce ba wanda ya faɗo, sannan a yi maganar Jamus da kuɗin gida, kuma ko a nan zan fi so a jinginar da gonar ko a yanki gefe, ba a sayar da ita ɗungurungum ba. Kana da ƙanne, su ma da rabonsu a ciki.

Shekarunka nawa ne ma? Ba ka faɗa ba, kuma yana da muhimmanci: a Jamus inshorar lafiya ta gwamnati mai rahusar ɗalibai a shekara 30 take tsayawa, daga nan farashi ya tashi. Ka turo mini da wannan, da jerin kwasa-kwasan da ka yi daga aji ɗaya zuwa biyar da kiredit ɗin kowanne. Ranar Asabar ina da ɗaurin aure a Pantami, in kana gari sai mu zauna bayan la'asar mu duba su tare.